Ranar da Na Buga wa Kyaftin Kurket

Duk Bahaushen da ke zaune a Greensboro ta Amurka, daga Kano ya fito ko daga Maraɗi, in ka tambaye shi wa ya taɓa buga kurket a garin nan har Indiyawa suka miƙe tsaye suna tafi, sunana zai kama maka. Ni ne Tanko na Funtuwa. Kuma ba ƙarya na yi ba, sun tafa, har da masu share hawaye. Abin da ya kawo hawayen ne ban cika son a tambaye ni a gaban jama'a ba. Amma tunda rubutu ne, ba mai katse ni, bari in faɗi yadda aka yi.

Na sauka garin nan ina da shekara arba'in da 'yan kai, da jaka ɗaya, da lambar waya ɗaya. Bas ta ajiye ni a tashar da ke tsakiyar gari. Na fito na gyara murya don in yi wa 'yan kamasho tsawa in sun taɓa mini jaka, ban ga ko ɗaya ba. Gari shiru kamar an yi rasuwa. Mai lambar wayar shi ne Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi, bakanike. Ƙanin matata ne ya taɓa zama da shi a Legas, iyakar dangantakarmu ke nan. Duk da haka ya rufe garejinsa ya zo ya ɗauke ni, ya nuna mini doguwar kujera a falonsa ya ce, "Bon, Malam Tanko, ga gadonka kafin Allah ya buɗa."

Wata bakwai na yi a kan kujerar nan, har ta ɗauki siffar bayana. Na samu aiki a wani sito inda ake ɗaure safa, na ɗaure safar da za ta ishi ƙafafun Arewa duka har da na shanu. Da sanyi ya wuce suka ce sun gode. A tsakanin nan wani ɗan ƙasarmu, wanda ba zan kama suna ba don har yanzu muna haɗuwa a sahun Juma'a, ya sayar mini da mota yana rantsuwa cewa wata tsohuwa ce kaɗai ta taɓa hawanta. Sai da na kai ta gida na gane ba ta yin baya. Alhaji ya buɗe ta, ya leƙa, ya rufe, ya ce gyaranta ɗaya ne, a yi mata sutura. Abin da ya fi cin raina kuwa ba motar ba ce. Kewar bencin mai shayin unguwarmu ta gida ce, inda mutum zai faɗi abu ya ƙara masa gishiri a yi dariya a tashi. A nan in ka ce ka kusa mutuwa da yunwa, sai a tambaye ka ko a kira motar asibiti.

Wata safiya Alhaji ya zauna a hannun kujerar tawa yana sosa gemu. Ya ce an ba iyalinsa biza, Hajiya da yara biyu suna tafe nan da sati uku. Bai ce in tashi ba. Ɗaki ɗaya ne da falo, ni ma na iya lissafi.

"Amma akwai wani aiki," ya ce. "Wata dakta Ba'indiya da ka kawo mani mota tana neman mai kula da babanta. Tuƙi, magani, hira. Da ɗaki. Sai dai sharaɗi guda, tana son wanda ya san wasan kurket. Tsohon ya kori mutum ukku, wai ba su da abin faɗa. Ka san wanga wasa?"

Na ce, "Alhaji, ni kake tambaya? A makarantarmu ta kwana, katakon kurket a hannuna yake kwana."

Wannan ma ba ƙarya ba ce tsantsa. A siton makarantar akwai kayan kurket da Turawa suka bari, ba wanda ya san amfaninsu. Abin ɗaurawa a ƙwauri mun mayar da shi matashin kai. Katakon kuwa, mai faɗi ta gaba da ƙusumbi ta baya, ba abin da ya kai shi kakkaɓo mangwaro, kuma ni ne gwanin ɗakinmu.

Washegari Alhaji ya ajiye ni a Summerfield, arewa da gari, inda gida da gida sai ka yi tafiyar da za ka nemi ruwa, ga dawaki suna kiwo a bayan shinge ba mai tsaronsu. Dakta Mina ta tarbe ni a ƙofa da kayan asibiti a jikinta, magana ɗaya kallon agogo ɗaya. Ta hau da ni ta nuna mini ɗakin da ke saman gareji. Gado na gaske, mai ƙafa huɗu, da taga da banɗaki. Na daɗe ina kallon gadon nan har ta yi gyaran murya.

"Sati biyu na gwaji," ta ce. "Ba ni zan yanke ba, shi zai yanke. In ya ce a'a, ba na iya juya shi."

Tsohon yana zaune a baranda ta baya, dogo, siriri, da gashin baki fari fat. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa masa hannun hagu, idonsa kuma ya yi rauni, daga nesa inuwa kawai yake gani. 'Yarsa ta ce duk Indiyawan garin nan suna ce masa Kyaftin. Ni na durƙusa na ce Baba.

"An ce ka buga kurket," ya ce da Turancinsa mai kaɗa kai.

"Baba, a Arewacin Najeriya in aka ce Tanko ya ɗauki katako, yara har kan katanga suke hawa."

Ya miƙa hannu bayan kujera ya ciro wani tsohon katako da ya yi duhu don shan mai, ya ba ni. Na karɓa, na jijjiga shi, na ji nauyin nan da na sani tun ina yaro. Ya zuba mini ido na ɗan lokaci. Sannan ya ce wa 'yarsa, "A ba shi sati biyun."

Da na koma kwashe kayana na buɗe waya na nemi kurket. Wasan farko da ya fito, aka ce kwana biyar ake yi ana buga shi. Na kalli minti goma. Mutane cikin fararen kaya suna tsaye a rana kamar masu jiran liman, can sai suka watse suka tafi shan shayi. Barci ya kwashe ni. Da na gaya wa Alhaji damuwata ya ce, "Mi ne na wahala? Ai shi ne wanda Amurkawa ka yi, besbol. Jifa da bugu da gudu. Su dai sun gajarta shi." Wani mai kawo masa mota ya ba shi tikiti biyu, muka tafi filin da ke tsakiyar gari ranar Asabar da la'asar. Na zauna da takarda da biro kamar ɗan jarida. Na rubuta: in ka buga, ka yar da sandar, ka ruga ta dama, ka zagaya kana taka wasu alamu da aka ajiye a ƙasa, ka dawo inda ka tashi, in da hali ka shigo da ciki. Na fito filin nan ina jin ko gobe a kira ni gasar duniya.

Aikin gidan bai yi wuya ba. Magani da safe, tafiya a hankali har shingen dawaki mu dawo, asibiti sau biyu a sati. Kyaftin ba ya kallon talabijin saboda idonsa, sai dai ya kara waya a kunne yana sauraron sharhin wasa da harshensu. Wannan ya yi mini daɗi, don ba mai tambayata abin da na gani. In ya ce, "Me za ka yi wa mai jifa irin wannan?" sai in ce, "Baba, irinsu haƙuri ake yi da su." Sai ya kaɗa kai. Na lura amsar nan ta dace da kowace tambaya.

Rana ta uku ya ce shayin da 'yarsa ke haɗawa da jakar ganye a kofi wankin kwano ne. Ya sa ni na ɗora tukunya, yana zaune yana ba da umarni: madara, ganye, citta, kanumfari, da wani ɗan koren ƙwaya mai ƙamshi. Da ya tafaso na ɗaga tukunyar sama na tsiyaya cikin kofi, na mayar, na sake, yadda mai shayin unguwarmu ke yi. Ya ji ƙarar zubar ya juyo.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Haka ake yi a garinmu."

"A tashar jirgin garinmu ma haka ake yi," ya ce. Muka sha, kowa da tashar da yake tunawa.

A nan son sani ya fara cina. Falon gidan cike yake da hotunansa yana saurayi, da fararen kaya da katako. Amma a gareji, ƙarƙashin matakalar ɗakina, na ga wani kwali da ruwa ya taɓa. Na ce bari in gyara shi, ni da ba a sa ni ba. Cikinsa fastoci ne na zaɓe, irin waɗanda ake liƙa wa mutane a bango ba da izininsu ba. Ga Kyaftin da furanni a wuya har sun rufe masa kunne. Ga shi a kan buɗaɗɗiyar mota, jama'a kamar ranar kasuwa. Fasta ɗaya ta fi ba ni mamaki. An zana shi ta baya, katako a hammata, yana tafiya. Na taɓa ganin ɗan takara yana murmushi, na ga mai ɗaga yatsa, amma ban taɓa ganin wanda ya juya wa masu zaɓe ƙeya ba.

Na kai masa shayin la'asar da fastar a ƙarƙashin tire. Na ce, "Baba, ashe Onarabul nake dafa wa shayi ba a gaya mini ba?"

Ya shafa takardar da yatsu. Na zaci korata ta zo tun kafin sati biyun. Sai ya ce in zauna.

Bai ba ni labarin a zama ɗaya ba, kwana huɗu na yi ina tatsarsa, kofi bayan kofi. Ubansa akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Bayan gidajen ma'aikata akwai wani fili, a nan ya fara wasa da katakon da uwarsa ke bugun wanki da shi, in ta neme shi ta rasa ta biyo shi har filin da tsintsiya. Ya girma ya buga wa jiharsu, har ya zama kyaftin. Sai wata rana masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka zo kallo, kowa ya san dominsa suka zo. Yana cikin wasa mai kyau ƙwallo ta wuce ta shafi gefen katakonsa, mai tsaron baya, ɗan ɗaya ɓangaren da ke tsayawa bayan mai bugu, ya cafe. A dokar wasan, in ta taɓa katakonka aka cafe kafin ta faɗi ƙasa, ka fita. Amma shafar ba ta yi ƙara ba. Alƙalin wasa ya girgiza kai, ya ce bai ji komai ba.

"To ai shi ke nan," na ce. "Allah ya rufa asiri."

"Ni na ji a hannuna," ya ce. "Akwai wata al'ada a wasan nan, ba doka ba ce, ba mai tilasta maka. In ka san ta taɓa, ba ka jiran alƙali. Ka sa katako a hammata ka fita da ƙafarka. Na fita."

"Masu zaɓen fa?"

"Suka zaɓi wani."

Na riƙe baki. Na ce a ƙwallon ƙafar unguwarmu, ko an ga hannunka a kan ƙwallo sai ka rantse gwiwa ce. Ya yi dariya har ya yi tari.

Bai taɓa buga wa ƙasa ba, amma garinsu bai manta ba. In ana ciniki a kasuwa aka so a ce mutum mai gaskiya ne, da shi ake misali. Da ya daina wasa sai ga 'yan wata jam'iyya da manyan motoci, suka ce irinsa ake nema. Su suka zana fastar nan ta ƙeya. Ya ce a wurin kamfe ba wanda ya taɓa sauraron abin da zai yi wa asibiti ko famfo, yara da manya katako suke miƙo masa ya sa hannu. Ya ci zaɓen majalisar jiha da ratar da ta ba shi tsoro. A majalisa aka ba shi kujera a baya. In za a buɗe gada ko makaranta, a ɗauko shi, a jefo masa ƙwallo a hankali, ya buga, a ɗauki hoto, a mayar da shi.

Ran da ya ba ni ƙarshen labarin muna tsaye ne a shingen dawaki. Ya ce wata rana aka kawo takarda majalisa, za a sayar da wasu filaye a gina shaguna. Yana karantawa ya ga har da filin bayan gidajen ma'aikatan jirgi. Shugaban jam'iyya ya dafa kafaɗarsa ya ce kowa zai ɗaga hannu.

"Ka sa katako a hammata," na ce.

"Na ɗaga hannu." Ya juya kai wajen wani doki da ke cizgar ciyawa. "Na ji ta taɓa, Tanko. A nan na ji, kamar wancan karon. Na dubi hagu na dubi dama, ba wanda ya ji. Sai na zauna. Na ƙara zango biyu ina zaune, har masu zaɓe suka gaji suka fitar da ni. Shi ya sa waɗancan hotunan suke falo, waɗannan suke gareji."

A hanyar komawa ban yi ko raha ɗaya ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun da na yi wayo. Ina riƙe da gwiwar hannunsa ina tunanin katakon mangwaro. Na buɗe baki sau biyu. Sau biyun kuma gadon nan mai ƙafa huɗu ya faɗo mini a rai, da Hajiyar Alhaji da ke tafe za ta shimfiɗa wa yaranta a kujerata. Na rufe bakina.

Ranar Lahadi, wadda ita ce cikon sati biyun, ya ce in kai shi wani fili a gefen gari inda Indiyawa ke wasa duk mako. Likitoci ne da injiniyoyi da masu otal, da tumbi da fararen kaya. Suna ganinsa suka taso suna taɓa ƙafarsa, irin gaisuwarsu ga manya. Ni ina can ina fama da kujera da fulas da laima. Ina dawowa na ji yana cewa, "Mutum ɗaya kuka rasa? Ga zakaran Arewacin Najeriya na kawo muku. Ku sa shi farko, baƙo ne."

Na ce, "Baba, gwiwata tun jiya..."

"Da safe ka hau matakala da gudu," ya ce. "Ungo." Ya miƙo mini katakonsa na gida. Ashe ya sa 'yarsa ta saka shi a but ɗin mota.

Kafin in sake magana an ɗaura mini matasan kaina na makaranta a ƙwauri, an kifa mini hular kwano. Aka tsayar da ni a gaban wasu sanduna uku da aka kafa a ƙasa. Can ɗaya ƙarshen ga wani da nasa katakon yana ɗaga mini hannu, na ɗauka mai jiran layi ne. Mai jifan wani likitan haƙori ne, ya ja da baya, ya ja da baya, har na zaci gida zai tafi. Sai ya taho a guje.

Ƙwallon farko ban gan ta ba, iskarta kawai na ji. Ta biyu ta daki ƙasa ta taso ta same ni a cinya, daidai inda matashin bai kai ba. Ƙwallon nan ja ce, kuma goruba a kanta auduga ce. Na ga Funtuwa, na ga makarantarmu, na ga kakata da ta rasu. A ta uku na ce in ma mutuwa ce gara in mutu ina motsi. Na rufe ido na kai duka irin na reshen sama. Sai na ji ƙau, har cikin haƙorana.

Karatuna na ranar Asabar ya dawo mini tsaf. Na yi jifa da katakon Kyaftin, na yanki dama. Ban ga inda ake takawa ba, don haka na taka murfin kular ruwa, na karya kwana, na bi bayan wani mai tsaron fili da ya daskare da baki buɗe, na zagaya ta wajen teburin shayi, matasan ƙwauri suna kaɗawa kamar kunnen jaki. Na ji ana kiran wani abu, na ɗauka kirari ne, na ƙara mai. Na dawo inda na tashi na shigo da ciki, ƙasa har cikin hanci.

Filin ya yi tsit. Sannan wani ya fara dariya, sauran suka kama. Alƙalin wasa, wani mai kantin magani, sai da ya durƙusa ya dafa ƙasa. Mutumin da na ɗauka mai jiran layi ne ya zo ya ɗaga ni, yana share ido, ya ce a wasan nan ba a yar da katako, kuma ba a zagaye, tsakanin sandunan can da na nan kawai ake kai da komo, ni da shi. Ya ce ma ba sai na yi gudu ba, ƙwallon ta wuce iyakar fili, na ci maki huɗu tun ina tsaye. Na waiga wajen Kyaftin. Wani ya sunkuya yana ba shi labari a kunne, da hannu yana zana da'ira. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Aka kakkaɓe katakon aka mayar mini. Likitan haƙori ya sake tahowa. Na kai duka, ta wuce, mai tsaron baya ya cafe ya yi ihu shi kaɗai. Alƙali, wanda har lokacin kafaɗunsa na rawa, ya girgiza kai. Ba wanda ya ji komai.

Ni na ji. Ɗan shafa ne kamar ƙuda ya sauka a gefen katakon, amma ya zo har tafin hannuna.

Zan so in ce gaskiya ce tsantsa ta motsa ni. Amma cinyata tana bugawa kamar ganga, kuma likitan nan ya riga ya fara ja da baya. Kowanne ya fi nauyi a cikin biyun, har yau ban auna ba. Na dai sa katako a hammata na kama hanya. Alƙali ya ce, "Ba ka fita ba." Na ce, "Ta taɓa." Sai dariyar ta tsaya. Wani dattijo ya miƙe ya fara tafi, sauran suka bi, suna kallona suna kallon Kyaftin. Tafin da na faɗa muku tun farko ke nan. Hawayen kuwa ragowar na dariya ne.

A mota ban kunna inji ba. Na riƙe sitiyari na ce, "Baba, ban taɓa buga kurket ba sai yau. Katakon makarantarmu mangwaro muke kakkaɓowa da shi. In ka ce in kwashe kayana, ba ka zalunce ni ba."

"Mangwaro," ya ce. "Na yi ta tunani ko gwaiba ce."

Na juyo na dube shi.

"Ran da ka zo na ba ka katako. Duk ɗan kurket in ya karɓa ƙasa yake kallo, wajen ƙafarsa. Kai kana karɓa ka ɗaga kai kana duban rufin baranda. Idona ya mutu, amma bai kai nan ba."

"To me ya sa ka ce a ba ni sati biyu?"

"Ukun da na kora, in na yi magana agogo suke kallo. Kai har kwalin gareji ka tona." Ya laluba ya karɓi katakon daga cinyata ya shafa gefensa da babban yatsa. "Kuma ta taɓa ɗin. Daga kujerata na ji. Ina jira in ga ko za ka zauna."

Wayarsa ta yi ƙara, Dakta Mina ce daga asibiti. Ya yi mata magana da harshensu, gajeriya, na tsinci sunana sau ɗaya. Ya kashe ya ce ta ce in rubuta mata abin da ɗakin ke buƙata, tunda zama ya kama.

Numfashi ya dawo mini, kuma ni in numfashi ya dawo mini baki ne ke fara amfana. Na ce, "Amma Baba, tsakani da Allah, ka ji bugun nan na uku. Kuma ka ga yadda jama'a suka miƙe mini. Ƙungiyarmu ta Hausawa za ta yi zaɓen shugaba bayan Salla. Ina ganin hanyarka zan bi, daga fili sai siyasa."

Ya gyara zama, ya ja bel ya ɗaura da hannunsa mai lafiya.

"Kurket dai ba ka iya ba," ya ce. "Siyasa kuwa, na zauna da maƙaryata na gaske shekara da shekaru. Kai da ƙaryarka ba ta kai ka ƙarshen baranda ba, ko jakarsu ba za su ba ka ka riƙe ba. Kunna mota, ka je ka ɗora shayi, shi ka iya."